Tsakanin Wake da Dawa

Ina farawa da sunan Allah, wanda Ya san abin da ke cikin kowane ciki ba sai an buɗe ba.

Dariyar ƙawayen Hafsatu ce ta zaunar da ni rubuta wannan. Hafsatu ɗiyata ce ta biyu, tana makarantar koyon aikin lafiya, kuma a hutun nan da ya wuce ta kwaso ƙawayenta suka yini a gidanmu a Ƙanƙara. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, su kuma sun haɗa kawuna a kan waya ɗaya suna kallon wani likitan ƙasar waje yana tiyata. Bai tsaga ciki ba. 'Yan huje-huje ya yi, ya zura kyamara da dogayen ƙarafa, a kan allo kuma ga hantar mutum tana motsi, an zana mata jijiyoyinta ja da shuɗi a sama, kamar ta koma gilashi.

"Lallai aiki ya zama wasa," in ji wata mai tabarau. "Na'ura ta ja maka layi, kai dai ka bi. Ko ni aka ba sai in yi."

Na ce, "To wa ya auna layin?"

Suka ɗago suna dubana. Hafsatu ta ce, "Ai Mama ta taɓa yin aikin wanga abu."

"Mama? Da ludayi ko da muciya?"

Suka fashe da dariya, ni ma na taya su, don yarinyar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Da tukunya na yi shi, da masaki, da wuƙar mahauta. Ban samu na yi musu bayani a ranar ba, la'asar ta yi, tuwo na jirana. To ga shi yanzu, sai ku karanta a tsanake.

Wani likita ne ɗan garin nan, da ya gama karatunsa a waje ya dawo gida ya buɗe ɗan asibiti. Ba sai na faɗi sunansa ba, mu dai Likita muke ce masa. Shi ya fara kawo mana tiyatar huji. Ni kuwa na gama sakandare, na yi aure, na haihu, ina zaune a ɗaki, sai aka ce ana neman mace mai tsabta da za ta riƙa wanke ƙarafan tiyata. Malam, maigidana, ya amince, da sharaɗin magariba ta same ni a gida. A bakin famfo na fara, ina goge 'yan almakasai masu dogon wuya da buroshi, har hannuna ya san kowanne ko ido a rufe.

Ga abin da waya ba ta nuna muku. In an tsaga ciki, likita na sa hannu ya lalubi hanta, ya ji ƙari da yatsunsa, kamar yadda kike jin tsakuwa a cikin ƙullu. In ta huji ne, hannu na waje. Ido kaɗai ya rage, ido kuma saman hanta yake gani, ba ya ganin cikinta. Shi ya sa wasu abokan Likita masu ilimin kwamfuta suka haɗa masa wata dabara: a ɗauki hoton sikan na mara lafiya, kwamfuta ta zano jijiyoyi da ƙarin da ke ciki, ta ɗora zanen a kan hantar da kyamara ke nunawa. Mu a asibiti muka sa wa abin suna ɗan jagora. Likita ya ce ba zai bi shi cikin jikin ɗan Adam ba sai ya san girman kuskurensa. Cewa yana kuskure, wannan kam ya sani. Girman yake so ya gani da idonsa. Rannan ya leƙo wurin wanki ya ce, "Malama, kin iya yanka nama falle-falle, kauri ɗaya?" Na ce wace matar aure ce ba ta iya ba. Ya ce, "To daga gobe kin canja aiki."

Hanta ta farko ta bijimi ce, daga wurin Baba Audu mahauci. Na ce masa gaba ɗayanta nake so. Da na koma ɗauka sai na tarar ya cire maɗaciya, ya datse gefe da gefe, ya tsaga ta biyu don in ga babu tsutsa, har ya ɗora mini 'yar tsoka a kai.

"Ga ta nan, matar Malam, na gyara miki ita tas. Ko gidan hakimi sai haka."

"Baba, ai ba ci za a yi ba."

"Hanta? Ba ci za a yi ba? To mi za a yi da ita, makaranta za a sa ta?"

"Hoto za a ɗauke ta."

Ya daɗe yana dubana da wuƙa a hannu, sannan ya ce, "Allah Shi kyauta." Wannan hantar dai soya ta muka yi, ma'aikatan asibiti suka ci da yaji. Sai da na yi ta zarya kafin hannun Baba Audu ya yarda ya bar hanta yadda Allah Ya halicce ta. Ya ce a duk shekarunsa na fawa ba a taɓa roƙonsa ya yi ha'incin gyara ba sai a kaina.

Aikin na farawa ne daga tukunya. Tun da safe zan ɗora ƙafar saniya, ta yi ta dahuwa har romon ya yi danƙo, in tace shi da ƙyalle. In shimfiɗa hanta a cikin masaki. In ɗauko 'yan ƙananan duwatsun jigida na gilashi, in tura su can cikin naman da siririn bututu, wani kusa, wani nesa, wani a jikin jijiya. Su ne a madadin ƙari. Sai in zuba romon ya kewaye ta, in bar samanta a buɗe, in sa a firji. In ya daskare ya kama ta, ba ta ƙara gocewa. In romon ya yi ruwa, hanta ta zame a hanya, aikin ranar ya tashi a banza. In ya yi tauri da yawa ya matse ta, ta canja kama. Babu wanda ya koya mini daidai ɗin, ɓarna ce ta koya mini. Daga nan in kifa wani masakin a sama, wanda muka yi wa huje-huje. Shi ne cikin mutum.

Injin sikan ba ya garinmu, sai birni. Malam Iro direba ke kai masakin a cikin kula mai ƙanƙara, a kujerar gaba, har da ɗaura mata bel. Da ya shigo da safe zai ce, "Ina amaryata? An gama yi mata kwalliya?" In ce masa ya bi da ita a hankali a ramukan hanya. Ya ce shi ko matarsa bai taɓa lallaɓawa haka ba. Kafin la'asar ya dawo da ita da hotonta.

Sai Likita ya zura kyamara ta huji ɗaya, doguwar allura ta ɗaya. Ɗan jagora ya ɗiga kore a kan allo, wato ga inda dutse yake. Likita ya bi koren har ya ce ya isa, ya saki ɗigon shuni ta bakin allurar, ya zare. Daga nan aikinsa ya ƙare, nawa ya fara. In kai masakin ɗakina, in rufe ƙofa, in yi bisimilla, in yanka falle-falle har in ji wuƙa ta taɓa gilashi. Ga dutse, ga ɗigon shuni. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kuskuren ɗan jagora. Ina da ma'aunin ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki, mai zanen milimita a jikinsa, da shi nake kama tazarar.

Dokokin ɗakin ba su da yawa, amma ba a taka su. Ba na gaya wa Likita inda na ɓoye duwatsu. Shi ba ya shigowa in ina awo, don ya ce mai son abu ya yi kyau idonsa na taya shi. Kuma ba wanda ya fi kyau ake dubawa ba, wanda ya fi muni ake dubawa, don mara lafiya ba ya zaɓen ranar da za ta faɗo kansa. Naman kuwa ba a ci, ya sha hanya ya sha shuni. Wannan ya daɗe yana damuna, abinci ne fa. Karnukan bayan asibiti dai sun yi ƙiba a lokacin.

Tun ranar farko Likita ya jera mini iri a kan tebur: gyaɗa, wake, dawa. Ya ce milimita ta takarda ce, wannan shi ne na ido. Ya sa yatsa a kan dawa ya ce, "Ranar da kuskure ya sauko ƙasa da wannan, kuma ya zauna a nan, ba yau ya sauko gobe ya hau ba, ranar zan kai wa manyanmu su duba su ba da izini. Kafin nan, ɗan jagora sai dai ya ja saniya."

Awon farko ma ya wuce gyaɗa, ya kai faɗin babban yatsa. Muka aika wa masu kwamfuta, suka gyara, muka sake. Haka muka yi ta yi.

Ana cikin haka magana ta fita gari. Ku ma ku yi tunani: matar aure tana cusa duwatsun jigida a cikin hanta, ana soka mata allura, ana rufe ta da masaki, ana kai ta wani gari a dawo da ita. Wa zai ce ba asiri ba ne? Wata maƙwabciyata ta daina aiko yara ɗibar wuta gidanmu. Malam kuwa sai ya je ya ɗauko limamin unguwarmu ya kawo shi asibiti. Liman ya zauna ya kalli abin tun daga allura har yanka. Da na nuna masa dutse da shuni sai ya ce, "Wato ke ce mai shaida a kan na'ura."

Na ce, "Haka ne, Allah Ya gafarta Malam."

"To ki ji tsoron Allah a shaidarki. Ba ni da abin cewa bayan wannan." Da zai fita ya waiwayo ya ce wa Likita, amma dai a riƙa tunawa da maƙwabta in an samu wadda ba ta sha shuni ba.

Akwai ranar da na yanka wata hanta, duk dutsen da na tarar shuni na jikinsa, dawa ba ta shiga tsakaninsu. Na fito da gudu ina kiran Likita, mayafina na jan ƙasa. Ya duba, ya ji daɗi, sannan ya ce, "Saura abu ɗaya. Wannan ba ta numfashi." Ashe hantar mai rai hawa take tana sauka da kowane numfashi, zanen kuwa daga hoton da ke tsaye aka ɗauko shi. Sai da muka aika Daudawa wurin wani maƙeri ya ɗinka mana zugazugi na fatar akuya, muka haɗa shi da wata salka da nake shimfiɗawa ƙarƙashin hanta kafin in zuba romo. Ni ke zugawa yayin da Likita ke soka allura. Da farko ina sauri, ina jinkiri, yana cewa, "Malama, mara lafiyarki tsere take?" Sai na gano in na bi istigfari, in danna a kan ɗaya in saki a kan na biye, numfashin na daidaita. Ban san yawan istigfarin da na yi a kan zugazugin nan ba. Allah Ya karɓa.

Da hanta ta fara numfashi, kuskure ya koma gyaɗa. Muka sake hawa daga ƙasa. A hankali ya sauko wake. A wake ya tsaya, ya ƙi gaba.

A nan Gwaggo Tasalla ta shigo labarin. Ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na tashi, kuma ma'auniya ce a kasuwar Sabuwa. Duk wanda ya san layin masu hatsi ya san mudunta. Za ta cika ya yi tozo, ta juye, sannan ta damƙo da hannu ta ƙara. Ko rabin mudu ka saya sai ka samu gyara. Tana cewa ita ba ta iya kallon buhun mutum ta sallame shi da awo tsura. Ɗanta guda ne, 'yan bindiga suka kashe shi a gona, ya bar mata yara ƙanana, uwarsu kuma ta riga shi. Ita ce cinsu, ita ce shansu.

Ta zo da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Malam Iro ya kai ta birni aka yi mata sikan, a mota ɗaya da amaryarsa. Hoton ya nuna ƙari a can cikin hanta, ya jingina da babbar jijiya. Ina wurin lokacin da Likita ya zaunar da ita.

"Gwaggo, wannan ba na nan ba ne. Ki tafi birni a tsaga a cire, yanzu, tun yana ƙarami. Ina da aboki a can, ni zan kira shi."

"In kwanta har yaushe?"

"Za ki daɗe. Ko kin tashi, ba ke ba ɗaukar kaya sai an kwana biyu."

"Wa za ya riƙe mini marayu? Wa za ya zauna mini a kasuwa? Ai Ladi mai ƙuliƙuli huji ka yi mata, kasuwa ba ta zagayo ba tana bisa ƙafafunta."

"Na Ladi maɗaciya ce, a fili take, ina ganinta. Naki a ɓoye yake. Ta huji ba ni da hannun da zan laluba."

Ta ce za ta yi shawara. Na ce ta kawo yaran wurina, ta ce ga damina ta kama, 'yar gonar da ta rage wa marayun ba ta barinta. Kafin motar Sabuwa ta cika sai ta zauna a ɗakin aikina tana jira, a ranar kuwa akwai hanta. Ta ga masaki, ta ga zugazugi, ta leƙa allo ta ga kore a kan nama. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu.

"Wanga shi ne za ya nuna mashi abin da ke ɓoye?"

"Shi ne, in ya ƙware."

"Saura mi?"

Na ɗauko wake da dawa na sa mata a tafin hannu. Na ce yanzu kuskurensa kamar wannan yake, ana so ya koma kamar wannan. Ta kai hannun kusa da ido, ta juya su da yatsa, ta yi tsaki.

"Wanga ɗan abu? A kan wanga za a tsaga ni kamar ragon layya? Wa ke awon?"

"Ni ce."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Sai ta gyara zama, ta sassauta murya yadda take yi in za ta sasanta ciniki. "To ɗiyata, ai magana ta zo gida. Tun kina goye nike awo, ban taɓa sallamar mutum ba gyara. Ke ma ki yi mini gyara mana. Ki ɗan matse bakin ƙarfen nan. Wa za ya gani?"

Ba wasa take ba, kuma ba ha'inci take nufi ba. A wurinta awon da babu gyara rowa ce, kuma ba a yi wa uwa rowa. Na ɗauko hotonta na nuna mata da tsinke. Ga ƙari, ga jijiya, abin da ya raba su bai kai wake ba. Na ce, "Gwaggo, ke in za ki yi gyara daga buhunki kike damƙowa. Ni in na yi miki, daga jijiyarki zan damƙo."

Ta duba hoton da kyau. Can ta ce, "To ku yi sauri ku kai shi dawa. Ina jira, bayan kaka."

Na gaya wa Likita. Ya fito har bakin mota ya ce mata kada ta jira, ko gobe aka kai dawa akwai sauran izini, akwai sauran hanya. Ta ce ta ji, Allah Ya yi masa albarka, ta hau motarta. Bayan nan saƙonni suka riƙa zuwa daga dangi, wai boko ya busar mini da zuciya, wai abin da zan yi da yatsa biyu na ƙi yi wa wadda ta goye ni. Na dai ƙara yawan tukunyar da nake ɗorawa. Duk hantar da na yanka a wannan daminar, kafin in kama ma'auni sai na yi addu'a, in buɗe ido in ga wake.

Shekarar ce ta lalace mana. Ku da kuka tashi a cikin abin kun san shi, ba sai na zana muku ba. Shanu suka yi wuya, don an kore garke da yawa, wasu makiyayan kuma sun yi ƙaura. Baba Audu ya koma yankan awaki, hantar akuya kuwa ta yi ƙanƙanta ga aikinmu. Hanyar Faskari ta zama sai an tambaya kafin a bi. Ta birni ma haka. Malam Iro ya daina raha da safe, sai ya tsaya a tasha ya ji labarin waɗanda suka shigo kafin ya tada mota.

A tsakiyar wannan ne masu kwamfuta suka aiko da gyaran da muke ta jira, wanda suka ce zai sa zanen ya riƙa bin numfashi. Likita ya gwada a kan allo, muka ga koren na hawa yana sauka tare da nama, abin sha'awa. Amma kyan gani ba awo ba ne. Sai an kai hanta sikan, an soka, na yanka.

Ban san inda Baba Audu ya samo bijimin ba. Da kansa ya kawo hantar asibiti a cikin daro, ya rufe ta da ganye. Ya ce, "Ga ta nan, matar Malam, ko ƙuda bai taɓa ta ba. An ce ta Tasalla ce." Ban taɓa shirya hanta kamar wannan ba. Romon ya kama daidai. Na sa dutse ɗaya a jikin babbar jijiya, a irin wurin da na Gwaggo yake. Malam Iro ya ɗaura mata bel ya tafi. Hantsi bai gama ba sai ga shi ya dawo, kula a rufe yadda na ba shi. Ya ce motoci duk sun juyo, ana harbi a gaba. Washegari ya sake fita, ya sake dawowa. Hanyar ba ta buɗe ba sai da hantar ta canja launi, romon ya saki ruwa. Na zare duwatsuna ɗaya bayan ɗaya na wanke, muka binne sauran a bayan asibiti. Ko karnuka ban ba ba.

Ba mu ƙara samun wata ba. Aka sace wani ma'aikacin lafiya a wani gari kusa da mu, iyayen Likita suka tsaya a kansa sai ya tashi. Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya. Aka naɗe wayoyi, aka sa kyamara da allo a kwali. Masaki da zugazugi ba wanda ya tambaye su. Da zai tafi ya miƙo mini ma'aunin ƙarfen ya ce in riƙe, in Allah Ya kawo sauƙi za mu ci gaba. Na ji an ce a inda yake yanzu hantar roba suke saye su yi gwaji da ita. Ko ɗan jagoranmu ya kai dawa a can, ban sani ba. A hannuna dai a wake ya tsaya.

Kakar da Gwaggo ke jira ba a girbe ta ba. Mutanen ƙauyensu suka watse suka bar dawa a tsaye. Ta iso gidanmu da marayunta da ƙullin kaya, ta rame, idanunta sun yi rawaya. Wannan karon ba ta yi gardama ba, muka kai ta birni ranar da hanya ta yi sauƙi. Abokin Likita ya duba sabon hoto, ya kira Malam gefe. Abin ya bazu, tsagawar ma ta wuce. Suka ba mu maganin rage zafi muka dawo.

A ɗakina ta yi jinyarta. Wata rana da hantsi ina shafa mata man zafi a baya, sai ta ce, "Wai ɗan jagoran naku, ya kai dawa?"

"Ba mu samu mun auna ba, Gwaggo."

"An ce gyaran ya zo."

"Ya zo. A ido ya yi kyau. Amma ban auna ba."

"To ki ce ya kai mana. Yanzu mi za ya ɓaci?"

Hannuna ya tsaya a bayanta. Na ce, "Ban auna ba, Gwaggo."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Kai, Allah Ya haɗa ni da marowaciya. Ni na goye ki kuwa?" Da ta huta sai ta ce in kwance ƙullin kayanta. Mudunta ne a ciki, bakinsa ya sha hannu har yana ƙyalli. Ta ce, "Riƙe. Da wanga ki riƙa yi wa mutane gyara, kar ki sallami kowa tsura. Wancan naki na ƙarfe kuwa, ko ni na dawo na roƙe ki, kar ki kuskura."

Ba ta ga azumin shekarar ba. Allah Ya jiƙanta, Ya cika mata mudunta har ya zuba. Marayun suna nan wurina, babbar cikinsu ita ce ta kawo muku ruwa rannan.

Na koma ɗaki, sana'ar ta tafi da masu ita. Abin da ke ci mini rai shi ne hantar nan ta Baba Audu da ba a soka ba. Har yau in an yi layya aka kawo mini hanta in yanka, sai in tarar na yi ta falle-falle, kauri ɗaya, ina jiran wuƙa ta taɓa gilashi. Malam ya gaji da cewa ba haka ake yankan tsire ba.

Ke mai tabarau, ban ji haushinki ba, kina da kaifin baki irin na Gwaggo. Wata rana za a sa ki gaban allo irin wancan, kore na haskawa a kan hantar uwar wani, kowa na cewa ki bi. Kafin ki bi, ki tambaya wa ya auna, kuma da hantar na numfashi aka auna ko tana kwance. In kun dawo hutu ku biyo ta gidan. Mudu na rataye a madafa, ma'aunin ƙarfe na cikin adaka. Zan sa miki wake da dawa a tafin hannu, ki duba da kyau. A tsakaninsu Gwaggo Tasalla take.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya buɗe mana hanyoyinmu.